Tatsuniya da Rana Tsaka a Aji Uku

Na koyar a makarantu da dama, ɗalibai sun wuce ta hannuna har ban san iyakarsu ba. Wasu sukan tare ni a hanya su durƙusa su gaishe ni, ni kuwa in yi ta yaƙe ina laluben sunansu a raina. Amma akwai yini guda da ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinsa tiryan-tiryan, kuma na san ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Shi ne yinin da wata ɗalibata 'yar aji uku ta ɓata a kasuwar Rano, mutanen garinsu kuma suka ce ni na ɓatar da ita da tatsuniya.

Abin ya faru ne a farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, kowa yana ji da addini, ni ma ina ciki tsundum. Sabon ango ne ni a lokacin, ɗan gemuna ya fara tsirowa, wandona bai kai idon sawu ba, kuma ba a kawo magana in rasa abin cewa. Aka tura ni wata firamare a wani ƙauye na yankin Fassi, cikin ƙasar Kibiya. A Rano nake zaune, kullum in buga babur ɗina da sassafe in tafi, in dawo bayan azahar.

Aji uku aka ba ni. Ranar farko har na ji daɗi, domin ina buɗe littafin Turanci yara suka ɗauka gaba ɗaya, suna rerawa da murya guda har ana jin su daga bakin rijiya. Na ce a raina ashe aikin mai sauƙi ne. Sai na rubuta kalma ɗaya daga tsakiyar shafin a kan allo, na ce wa zai karanta. Aji ya yi tsit. Na goge, na rubuta sunan garinsu, garin da aka haife su, aka yanke musu cibiya. Nan ma babu wanda ya motsa. Ashe shafin suka haddace kamar waƙa, in an ja musu baki su bi, in an sake su su tsaya cak. Shekara biyu cur suna zuwa makaranta, amma baƙi da wasali ba su taɓa haɗuwa a kansu ba.

Ana cikin haka aka kira mu bita a Kibiya, aka tuna mana abin da da ma yana cikin tsari amma ba a bi: cewa a shekaru ukun farko da harshen gida ake koyar da yaro, Turanci kuwa darasi ne guda cikin darussa. Na dawo da zafina na sami hedimasta. Dattijo ne mai sanyin hali, wanda ya fi tsoron surutun iyaye a kan zuwan sufeto. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ba ka zango ɗaya. In ya yi kyau, na makaranta ne. In ya ɓaci, naka ne kai kaɗai."

Matsalar ita ce ba mu da littafin Hausa ko guda. Sai na koma ga abin da yaran suka riga suka sani. Na tara takardun buhun siminti, na yayyanke, na riƙa rubuta musu gajerun tatsuniyoyi da manyan baƙaƙe ina mannawa a bango. Kowace kalma sai mun datsa ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da tafi ɗaya. Ku-ra, tafi biyu. Ka-za, tafi biyu. Ra-ƙu-mi, tafi uku. Kafin wata guda ajina ya zama kamar gidan biki, malaman sauran azuzuwa har tsokanata suke yi wai in nemo kalangu a huta. Ko a jikina, domin na fara ganin yaro ya tsura wa kalmar da bai taɓa gani ba ido, ya tafa, ya tafa, sai kuma fuskarsa ta washe.

Cikinsu akwai wata yarinya, ba zan kama sunanta ba don yanzu uwar 'ya'ya ce. Siririya ce, shiru-shiru, a bencin baya take zama, in ka yi mata tambaya sai ta ja bakin hijabinta ta rufe baki. Ban taɓa sa ta cikin masu ƙoƙari ba. Na dai lura tana tafi a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron a ji ta.

Iyaye kuwa ba su ji daɗi ba. Mahaifin yarinyar nan, manomi ne mai ɗan fataucin albasa, ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, Hausa kuma? Ai da ita aka haife ta. Mu Turanci muka kawo ta ta koya." Na yi masa dogon bayani, ya yi ta gyaɗa kai irin na wanda bai gamsu ba.

Ƙorafin kakarta daban ne. Tsohuwa ce mai ƙarfin jiki, kowa a garin Iya yake ce mata, yarinyar kuma sunanta aka sa mata. Wata rana ina tsaka da darasi sai ga ta a bakin taga da sandarta. Muka gaisa, ta ce, "Malam, takwarata ta ce mini tatsuniya kuke yi a nan da rana tsaka."

Na ce, "Haka ne, Iya. Da ita nake koya musu karatu."

Ta ce, "To ka ɗaure gizo kuwa?"

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai iya rasa gane wannan. A wurin tsofaffinmu tatsuniya ta dare ce. Wanda ya yi ta da rana, ko aka yi masa, to zai ɓata, sai fa in an ɗaure gizo, wato a ƙulla bakin zane ko wani tsinken ciyawa kafin a fara. Ni ma kakata ta yi mini wannan gargaɗin ina yaro, amma a lokacin nan ina ganin na wuce wurin. Na gyara tsayuwa na ce, "Iya, wannan ai camfi ne. Babu mai ɓatar da mutum sai Allah. Yanzu fa lokacin Shari'a ne."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Shari'ar ce ta hana ƙulli?" Yara suka ƙyalƙyale da dariya, ni kuma raina ya ɗan sosu. Na ce mata ba zan ƙulla komai ba. Ba ta ja ba, ta ce Allah ya kyauta, ta juya ta tafi tana dogara sandarta.

Zango ya ƙare cikin azumi, aka ba da hutu. Ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah kasuwar Rano ta ci, irin cin da ba ka ganin ƙasa don jama'a. Ni ma na shiga sayen atamfar amarya. Bayan azahar ina rumfar 'yan yadi sai na ji ana shela da lasifika, ana cigiyar yarinya mai kimanin shekara tara, da koren hijabi, riƙe da sabon takalmi a leda. Aka faɗi sunanta da sunan ƙauyensu. Na ajiye atamfar ban ko yi wa mai rumfa sallama ba.

A tasha na tarar da mahaifinta, idanunsa sun yi jawur. Ya zo da ita ne don a gwada mata takalmin Sallah a ƙafarta. Da suka gama ya nuna mata motar garinsu, ya ce ta shiga ta zauna ya je ya karɓo saƙo. Ya dawo bai same ta ba, kuma duk motar babu wanda ya ce ya gan ta.

Aka bazu nema. 'Yan agaji da 'yan Hisba suka zagaye kasuwa rumfa-rumfa. Samari suka leƙa rijiyoyi da kududdufai, wasu suka hau duwatsun bayan gari suna kiran sunanta. Ni na hau babur na bi hanyar Kibiya, na dawo na bi ta Rurum, duk yarinyar da na hango da koren hijabi sai in taka birki. Lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba, in kana son labari sai dai ka taka ka je. Wani ɗan kamasho ya ce akwai motar birni da ta tashi wajen azahar cike da mata, ko za a bincika can. Aka sa mutum biyu a mota suka nufi Kano, mu kuma muka zauna jiran abin da ba mu san ranar zuwansa ba.

A nan ne na fara jin maganganu. Mutanen ƙauyen sun cika tashar, da ma ranar kasuwa ce. Ba wanda ya zage ni, amma duk inda na gifta sai murya ta yi ƙasa. Na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, "Ga malamin tatsuniyar can." Wani ya ce ai Iya ta je har aji ta gaya masa, ya yi mata wa'azi. Hedimasta ma ya zo kasuwa ranar, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ni ban yarda da wannan magana ba, kai ma ka sani. Amma in ba a ga yarinyar nan ba, kada ka sake taka garin nan. Takardun bangon nan kuma zan sa a cire." Gaskiya a lokacin aikin ma ya fita daga raina, fuskar yarinyar kawai nake gani tana tafi ƙasa-ƙasa a bencin baya.

Bayan la'asar aka kawo Iya a kan acaɓa. Na so in ɓuya, na kasa. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ƙasa ba. Ta sami gindin wata darbejiya ta zauna, ta miƙe ƙafafu, ta sa aka kira ni. Na durƙusa gabanta. Ta dube ni ta ce, "Ƙulli ɗaya na roƙe ka, Malam."

Duk ayoyi da hadisan da nake taƙama da su sai na neme su a bakina na rasa. Har a wannan lokacin na san tatsuniya ba ta ɓatar da kowa, kuma har gobe a kan haka nake. Amma ina za ka faɗa wa tsohuwar da jikarta ta ɓata wannan magana? Na sunkuyar da kai na ce, "Allah zai bayyana ta, Iya." Ta ce amin, ta kau da kai.

Rana ta yi ta sanyi. Masu ƙosai da kunu suka jera kayansu, jama'a suka fara sayen abin buɗa-baki, mu kuwa ko yunwar azumin ba ma ji. Duk motar da ta shigo daga birni sai mu yi mata caa, a sauke fasinja mu ga babu, mu koma mu zauna. Mahaifinta tun yana tashi har ya daina, ya haɗa kai da gwiwa.

Gab da magariba wata tsohuwar bas ta Kibiya, wadda ke biyowa ta Rano, ta shigo tana hayaƙi. Ban ko tashi ba, don na gaji da tashi. Sai na ga direban ya leƙo yana tambaya ko akwai mutanen ƙauye kaza a nan. Kafin a ba shi amsa ƙofar baya ta buɗe, ga koren hijabi, ga leda a hannu. Ta sauko a hankali tana rarraba ido, da alama dukan da za ta sha take tunani.

Ban san lokacin da na miƙe na nufi motar ba. Mahaifinta ya ɗaga ta sama ya sauke, ya sake ɗagawa, yana ta hamdala, hawaye na bin gemunsa. Iya kuwa ta jawo ta jikinta tana shafa ta tun daga kai har ƙafa, kamar mai duba ko an rage wani abu. Abin da yarinyar ta fara cewa shi ne, "Iya, ban gaya wa kowa na ɓata ba. Kuma azumina bai karye ba." Mutane suka yi dariya, wasu suna share ido.

A hankali labarin ya fito. Motoci biyu ne masu launi ɗaya a jere, ta shiga ta birni a zaton ta garinsu ce. A shekarun nan an raba wurin zama, mata a baya, maza a gaba. Ta kutsa cikin mata ta zauna, azumi ya kwashe ta da barci. Kowace mace ta ɗauka 'yar ta kusa da ita ce, yaron mota kuma bai ga dalilin leƙa layin mata yana tambayar 'yar wa ce ba. Ba ta farka ba sai a tashar birni, kowa ya sauka ya kama gabansa. Iya kuma ta sha ja mata kunne cewa birni akwai masu satar yara, in ta kuskura ta ce wa baƙo ta ɓata, shi ke nan. Don haka ta kama bakinta ta yi gum.

Ragowar labarin kuwa direban ne ya ba mu, yana yi yana kwaikwayonta. Ya ce, "Ina zaune a benci ina jiran mota ta cika, sai na hango yarinya tana bin layin motoci ita kaɗai. Kun san allon nan na katako da muke ɗorawa a kan motar da ke lodi, mai sunan gari? To shi take kallo. Ta tsaya gaban ta Wudil, ta ɗaga kai, bakinta na motsi, ta yi tafi biyu, ta girgiza kai, ta wuce. Ta je ta gaba, ta tafa, ta girgiza kai. Wallahi na ɗauka ba ta da lafiya. Da ta iso tawa sai na ji tana cewa Ki, ta tafa, bi, ta tafa, ya, ta tafa. Ta sake maimaitawa. Sai kawai ta buɗe ƙofa ta shige baya ta zauna abinta, kamar motar ubanta." Ya ce sai da suka fita gari, ta ga hanyar da ta yi mata kama da ta gida, sannan ta yarda ta faɗa wa wata mata sunan ƙauyensu.

Yana rufe baki ladan ya kira salla. Wani ya miƙo mini ruwa a kofin roba, ruwan randa ne kawai, amma ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Yarinyar ta leƙo daga bayan kakarta, ta ja bakin hijabi ta rufe baki yadda ta saba, ta ce, "Malam, tafi uku ne." Na ce, "Uku ne, 'yata."

Duk da haka, da aka koma makaranta bayan Sallah da ɗar-ɗar na tafi. An ga yarinya, gaskiya ne, amma ai ta ɓata ɗin, kuma masu cewa tatsuniya ce ta jawo ba su janye ba. Na tarar takarduna suna nan a bango, hedimasta bai taɓa su ba. Na fara darasi ke nan sai ga inuwar mutum a taga. Iya ce, da sandarta, da wani zaren kaba a hannu. Ba ta nemi izinina ba. Ta zura kabar a ƙarfen taga ta ƙulla, ta ja ta ƙara ƙullawa, sannan ta ce, "Na ɗaure. In camfi ne, nawa ne, ba naka ba. Kai dai ka ci gaba da tafinka."

Wannan karon ban yi wa'azi ba. Na ce ta shigo ta huta, na ba ta kujerata. Ta zauna ta saurari yara suna karanta tatsuniyar kura da ke bango, can sai ta daka mini tsawa wai na ɓata labarin, ba haka aka yi ba, na yanke wurin da ya fi daɗi. Ta gyara zama ta ba da shi tun daga farko, aji ya yi tsit kamar babu kowa. Ni kuma na ɗauki alli na bi bakinta ina rubutawa a allo. Daga ranar ta zama kamar malamar aji uku ta biyu, takan zo lokaci-lokaci, wani zuwan har da ƙawayenta, kowace da nata labarin da kuma nata gyaran.

Mahaifin yarinyar bai fasa tambayata Turanci ba, duk haɗuwarmu sai ya ce, "Malam, Turancin fa?" In ce masa yana tafe. Kuma ya taho ɗin. Da yaran nan suka shiga aji huɗu, malamin da ya karɓe su ya zo ya same ni yana mamaki, wai waɗannan in ka rubuta musu kalma ba sa jira a ja musu baki, kokawa suke yi da ita har su kayar. Hedimasta da kansa ya ce a fara tsarin tun daga aji ɗaya, kuma bai sake cewa nawa ne ni kaɗai ba. Shekarar da 'yan ajin nan suka zauna jarrabawar shiga sakandare, makarantarmu ta fita kunya irin yadda ba ta taɓa fita ba, ita ma mai koren hijabi tana cikin waɗanda suka wuce.

Abin da wannan yini ya koya mini bai tsaya ga aji ba. Na gane cewa yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake kuka da shi, kuma karatun da ba zai iya fitar da shi daga tasha ya kai shi gida ba, hadda ce kawai. Na kuma gane cewa in tsoho ya zo maka da tsoronsa, ba hujja ya zo nema ba, so yake ya ga ko kai ma ka damu da abin da ya damu da shi. Ni da Iya mun yi zango guda muna kallon juna a karkace, alhali abu ɗaya muke so, kada yarinyar nan ta ɓata. Iya ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta. Ranar da aka yi mini canjin wurin aiki, na shiga ajin don in kwashe kayana, na tarar kabar tana nan a ƙarfen taga, ta bushe ta yi fari. Na kai hannu kamar zan kwance, sai na bar ta yadda mai ita ta ƙulla.